Rufin da Ban Ɗaure Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya a gabanku yau. Fasto, na gode da wannan fili.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Istifanus, amma a nan Kuje Baba Kafinta ake ce mini. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zama can gaba a kujerar dattawa. Watannin nan da suka shige kuwa, a bencin baya kuke ganina, kusa da ƙofa, inda ake zaunar da wanda ikkilisiya ta sa a horo. Wasu sun san dalili, wasu rabi suka ji. Yau zan faɗe shi duka. Karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa na rubuta a takarda, don kada bakina ya tsallake inda ya fi ɗaci.

A Karmo na koyi aikin rufi, tun ina saurayi, a hannun wani tsoho mutumin Filato. Allah ya ji ƙansa, bai ɓoye mini komai ba. Wata shekara, farkon damina, muna tsaye ni da shi muka ga iska ta ɗauke rufin wani gida gaba ɗaya, da kwano da katako, ta ajiye shi a hayin titi. Ya kama kunnena ya ce, "Ka gani? Iska ba ta danne rufi. Ƙarƙashinsa take shiga ta ɗaga shi kamar murfin tukunya. Ƙusa ba ta riƙe rufi a kan bulo. Langalanga ce take riƙewa."

Ga waɗanda ba su sani ba, langalanga ita ce siririn ƙarfen nan da ake binne gindinsa cikin siminti a saman bango, a naɗe katakon rufi da shi a ɗaure tam. Abu na biyu da ya koya mini, kowane katako a shafe shi da baƙin mai saboda gara. Na san waɗannan biyun kamar yadda na san sunana. Kada wani ya ce jahilci ne ya sa ni. Ba jahilci ba ne.

Lokacin da muka gina wannan majami'a, ni aka ba rufi. Na zo zan hau, sai na tarar magini ya zuba simintin saman bango bai bar langalanga ko ɗaya ba. Gyaransa sai an fasa saman bangon an sake zubawa, a jira ya bushe. Ga shi an riga an sa ranar keɓewa, an aika wa manyan baƙi, zumuntar mata sun ɗinka anko. Na dubi bangon, na dubi kwanakin da suka rage. Na ce a raina, ba zan zama mutumin da ya sa aka ɗaga rana ba. Na kwantar da katako a kan bulo na bi shi da dogayen ƙusoshi. Da na iso kusurwar gabas baƙin mai ya ƙare, na ɗora katakon haka nan, fari. Ɗakin yara na makarantar Lahadi da ke baya, shi ma a makon na rufe shi, shi ma haka na yi masa.

Ranar keɓewa aka kira ni gaba, aka yi mini tafi. Na sha tafin nan har na ƙoshi. A shekarar aka zaɓe ni dattijo.

Allah ya yi mini haƙuri shekaru da yawa. Sai damina biyu da suka wuce, ruwan farko ya zo da iska, ya yaye kwano uku a kusurwar gabas. Kwamiti ya ce in hau in duba ɓarnar in kawo rahoto. Na jingina tsani na hau ni kaɗai. 'Yan'uwa, ga abin da na gani: katakon da ke kwance a kan bango ya tashi, har yatsuna biyu suna shiga tsakaninsa da bulo. Ƙusoshin sun zare. Na danna katakon da babban yatsa, yatsan ya nutse. Gara ta cinye cikinsa, fata kawai ta bari.

Na daɗe a kan tsanin nan. In na faɗi gaskiya, za a tambaya ina langalanga. In an tambaya, kowa zai san wanda ya yi rufin.

Na sauko. Fasto yana ƙasa yana riƙe mini tsani, ya ce, "Baba, yaya ka gani?"

Na ce, "Kwano uku ne kawai, Fasto. Aikin rabin yini."

Ya ce, "Ko mu kira wani injiniya ya ƙara dubawa? Akwai wani ɗan'uwa da yake aiki a cikin gari."

Na ce, "Shekara arba'in ina kan rufi. In ba ku yarda da ni ba ku faɗa mini a fili."

Fasto yaro ne a kaina, sa'an ɗana na fari. Ya ba ni haƙuri. Shi ya ba ni haƙuri! Na mayar da kwano uku sababbi, suna ƙyalli a kan ruɓaɓɓen katako.

Sai Allah ya aiko mini da mutum. Kun san Mama Ladi, ga ta can zaune. 'Yar Gbagyi ce, 'yar asalin wannan ƙasa, gefen gonar mijinta marigayi aka yanka aka ba mu wannan fili. Ita ce take share majami'a kowace Asabar, ba wanda ya sa ta. Kuma kun san matan Gbagyi, ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Na sha ganinta ta fito daga gona da doya cike da ƙwarya a kafaɗar dama, abin da ƙato ba zai iya ɗagawa ba. Da wannan kafaɗa ta ciyar da marayu huɗu.

Wata Lahadi bayan sujada ta tare ni a bakin ƙofa, a gaban mutane. Ta kwance gefen zanenta, ta nuna mini wani gari ja-ja mai laushi.

Ta ce, "Baba Kafinta, duba wannan. Kowace Asabar ina share shi, kowace Asabar yana dawowa. Wuri ɗaya, gefen gabas. Ni ban san katako ba, amma na san gara. Haka rumbuna ya yi kafin ya zauna ƙasa."

Na ji kamar an tsira mini allura. Sai na yi dariya, na ce, "Mama Ladi, ke da tsintsiya, ni da guduma. Na taɓa zuwa gonarki na koya miki tulin doya?"

Mutane suka yi dariya. Wasunku kuna wurin.

Ta ƙulle gefen zanenta a hankali. Ta ce, "To, oga. Ni dai na faɗa."

Yanzu na zo inda na ce bakina zai so ya tsallake.

Farkon daminar bara, ranar Alhamis, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ina rumfata kusa da kasuwa ina fere ƙofa. Zafin ranar ya yi yawa, iska ta tsaya cik. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ƙasansa ja. Ledoji suka fara tashi sama. Mai aikin rufi ya san irin wannan hadari. Kuma na san ranar Alhamis zumuntar mata suna cikin majami'a suna koyon waƙa. Matata Rifkatu tana cikinsu.

Na ɗauki waya na kira ta. Na ce, "Ki fito yanzu ki koma gida."

Ta ce, "Muna tsakiyar waƙa, Baban Dauda. Lafiya?"

Na ce, "Kin bar shanya a waje. Ki yi sauri."

Na kashe waya.

Mata kusan talatin ne a ƙarƙashin rufin nan. Na fitar da tawa. Kalma ɗaya ce ta rage in ƙara, in ce ki gaya wa sauran su fito. Ban ƙara ba, domin za a tambaye ni dalili.

Da iskar ta sauka, matan suka taru a tsakiya. Mama Ladi ta tashi ta je rufe tagogin gabas, don kada ruwa ya jiƙa benci. Tana nan rufin ya ɗaga daga wannan kusurwa, daidai inda take share garin. Waɗanda suka gani sun ce ya tashi kamar an buɗe littafi, rabi ya tafi gonar baya, rabi ya dawo ciki. Babban katakon tsakiya ya sauko a kan kafaɗarta ta dama.

Da na iso, ruwa yana zuba cikin majami'a kamar a fili. Mata suna kuka, wasu kwano ya yanke su. Maza huɗu muka ɗaga katakon. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai, ruwa yana dukan fuskarta.

A asibiti aka ce ƙashin kafaɗar ya farfashe, jijiyar hannun ta tsinke. Hannun yana nan a jikinta, amma ba zai ƙara ɗaga ko cokali ba.

Kuna tsammani a nan na tuba? Ban tuba ba.

Kwamiti ya sake aikena in ƙiyasta ɓarna. Na je da sassafe kafin kowa, na tsince ruɓaɓɓun katakon gabas na kai bayan gidana na ƙone su. Na kawo rahoto na ce ƙarfin iskar ya wuce misali, ko wane rufi ne sai ya tafi. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa shagon mai gyaran babur da ke maƙwabtaka, wanda ko bulo ba shi da shi, bai rasa kwano ko ɗaya ba.

Tun da ba a sami laifin katako ba, sai aka shiga neman laifi a wani wuri. Aka fara raɗa. Me ya sa cikin mata talatin ita kaɗai katako ya zaɓa? Ai dangin mijinta har yanzu suna zuwa gindin dutse suna yanka kaji. Ai filin nan ma wa ya san abin da aka binne a ciki kafin a ba mu? Na ji wannan magana a gidana, na ji ta a zaman dattawa. Wasu mata suka daina kai mata abinci asibiti. Ina zaune ina ji, na sunkuyar da kai kamar mai juyayi. Mace ta rasa hannu saboda ni, tana kwance ana cin sunanta, ni kuwa ina raba gurasar Jibin Ubangiji da hannuwana biyu.

Ga kuma abin da ya fi. Tun da majami'a ba rufi, sai aka mayar da sujada ɗakin yara. Ɗakin da na rufe a mako ɗaya da wannan, da ƙusa, ba langalanga. Dukanmu muka cushe a ciki, tsofaffi da masu goyo, yara a gaba a kan tabarma. Damina kuwa yanzu ta fara. Lahadi uku na yi a ɗakin nan. Ban ji wa'azi ko ɗaya ba. Idona yana taga, ina duban gabas.

Abinci ya ƙi shiga. Sai in kai guduma zan bugi ƙusa in bugi yatsa. Aka gwada jinina aka ce ya hau. Na sha magani, ba abin da ya sauka.

Wata safiya Rifkatu ta ajiye mini kunu, ta ƙi tafiya. Ta ce, "Baban Dauda, ranar nan da na iso gida ba shanya a waje. Kai ma ka san ban yi wanki ba. Me ya sa ka kira ni?"

Na ce, "Mantuwa na yi."

Ta ce, "Shekara talatin da takwas ina tare da kai, ba ka taɓa sanin ranar da na yi wanki ba. Ni ce nake kusa da tagar nan. Da ban fita ba ni zan rufe ta." Ta ɗauki mayafinta. "Yau zan je duba Ladi. In kana da ƙafa ka biyo ni."

Na bi ta. Mama Ladi tana kwance, an naɗe ta tun daga wuya har ƙugu, ta rame. Rifkatu ta gaishe ta ta fita waje ta bar mu.

Na ce, "Sannu, Mama Ladi. Yaya jiki?"

Ta ce, "Jiki ga shi nan. Baba Kafinta, ka rame fiye da ni. Kai ma katako ya faɗa maka?"

Na jawo kujera na zauna kusa da gadonta.

Ta ce, "Na ji abin da ake faɗa a kaina. 'Yata tana kawo mini labari. Ban gaya wa kowa maganar gara ba, waɗanda suka yi dariya ran nan ma sun manta. Ba tsoronka nake ji ba. Ina jira ne in ga ko za ka faɗa da bakinka." Ta ja numfashi da ƙyar. "Amma an ce mini yanzu a ɗakin yara ake sujada. Jikokina biyu suna zama a tabarmar gaba. Wannan ɗin, wa ya rufe shi?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "To. Lahadin nan kaɗai na ba ka. In ba ka faɗa ba, a ɗauko ni a kan gado in faɗa."

Daga asibiti ban je gida ba. Na zo nan, tsakar rana, ba kowa. Majami'a a buɗe take har sama, ciyawa ta fara tsirowa a tsagar siminti. Na je kusurwar gabas na durƙusa. Na yi shekaru ina yi wa mutane dogayen addu'o'i, amma ranar na rasa kalma. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ubangiji, ni ne. Ba iska ba ce, ba Shaiɗan ba ne, ba dangin mijinta ba ne. Ni ne. Na fi son kujerata da ran mutanenka." Na faɗa na sake faɗa, goshina a kan siminti mai zafi, har muryata ta dushe.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba, ba zan ƙara ƙarya a kan ƙarya ba. Amma da na miƙe, tsoron nan da na ɗauka shekara goma sha ɗaya, tsoron kada a san ni, ya tafi. Na neme shi a ƙirjina ban same shi ba. Yesu ne ya ɗauke shi.

Ya kamata in tafi wurin Fasto a ranar. Na je, aka ce ya tafi taro sai daren Asabar. Ko a waya da na faɗa masa, ban yi ba, na ce sai ido da ido. Wannan ma kuskure ne, kwana biyun nan Allah ne kawai ya tsare.

Ranar Lahadi tun ana waƙar farko na miƙe. Na ce, "Fasto, ka gafarce ni, a tsayar da sujada. Kowa ya fita daga ɗakin nan, a fara da yara. Rufin nan ba a ɗaure yake ba. Ni na yi shi."

Muka fita fili. A tsaye a ƙarƙashin mangwaron nan na faɗi abin da na faɗa muku yanzu, har da wayar da na yi wa matata. Da na zo wurin wayar, wata 'yar'uwa da kwano ya yanke ta a goshi ta zo ta tsaya a gabana, ta dube ni, ta tofar da yawu a ƙasa, ta tafi. Har yau ba ta dawo wannan ikkilisiya ba. Ban ga laifinta ba. Ina roƙo ku taya ni addu'a dominta, kada zunubina ya raba ta da Ubangiji.

Washegari maza suka hau ɗakin yara. Mutum biyu suka sa hannu a kusurwa suka ɗaga, rufin ya taso musu kamar murfin akwati. Fasto ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Aka sauke ni daga dattijo, aka sa ni horo. Daidai ne. An fasa saman bangon duka biyun, an binne langalanga, an shafe kowane katako, kuma wani ne ya duba aikin, ba ni ba. Na bi gidajen da na rufa a garin nan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu na ɗaure su yadda ya kamata, amma na sami guda uku da na yi wa gaggawa, na gaya wa masu su, na gyara. Wani ya gode mini, wani ya kore ni.

Ga abin da zan bar muku, daga mutumin da ya koya da jinin wani. Kafin ruwan farko, a hau a duba rufi, kada a jira iska ta duba muku. In iska ta yaye kwano, kada ku ƙirga kwano kawai, ku sa hannu a kan katakon da ke ƙasansa, ku ga ko ya motsa daga bango. Kada ku aiki wanda ya yi rufi shi kaɗai ya duba ɓarnar rufinsa, ko da dattijo ne, ko da furfurarsa ta kai ƙirji. Kuma in mai shara ta ce ta ga gari a ƙasa, ku ɗauko tsani.

Allah ya gafarta mini, na sani. Amma gafara ba ta mayar da hannu ba. Mama Ladi ba za ta ƙara ɗaukar doya ba. Gonarta ni da 'ya'yana muke nomawa yanzu, kuma ba alheri muke yi mata ba. Ranar da na je neman gafararta ta ce, "Na yafe tun a asibiti, don ba zan iya ɗaukar ka a zuciya ba, kafaɗar ma babu. Amma tsintsiyata tana bayan ƙofa."

Shi ya sa kowace Asabar za ku same ni a nan ina shara. Ita kuma a kawo mata kujera ta zauna tana kallona. Jiya ma ta ce, "Oga mai guduma, ka tsallake kusurwa." Na koma na share kusurwar gabas, na durƙusa na shafa simintin da tafin hannuna, na kai mata ta gani. Ba gari.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu da tafin mutane a kunnena ba. Na gode masa saboda yaran da suka zauna Lahadi uku a ƙarƙashin aikina suka fita da rai. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka rufe da sabon kwano alhali ka san ƙasansa ya ruɓe, kada ka jira hadari. Kawo shi wurin Ubangiji yau, ka dogara gare shi, zai ba ka bakin faɗa. Kunya ba ta kashe ni ba, ga ni tsaye. Shiruna ne ya kusa kashe mutane.

Ubangiji ya tsare mu a wannan damina. Amin.